Sauƙaƙa kuɗin jami'a: ku da kuka ɗanɗana, ku ba mu labari

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarana biyu za su shiga jami'a kusan a tare, kuma kullum sai in ji gwamnati kaza ta soke kuɗin makaranta, wata ta kawo bashin karatu. Jawabin 'yan siyasa na ji har na gaji. Wanda ya yi karatu a ƙarƙashin irin wannan tsari, ko ya biya wa nasa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. A Jamus na yi digiri na biyu. Tun 2014 jihar ƙarshe ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in gwamnati, abin da nake biya kowane zango 'yan ɗaruruwan yuro ne na hidimar ɗalibai, har da tikitin jirgin ƙasa a ciki. Amma kafin a ba baƙo biza sai ya nuna kuɗin zaman shekara a asusun da aka kulle, wanda daga 2024 ya kai yuro 11,904. Ɗaki shi ne ya sha min kai. Wata biyu na kwana a kan kujerar wani abokina, akwatina a bayan ƙofa, ina jiran layin ɗakin ɗalibai. Kuma a lura, jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba.

Zainab: Mama, ni bashin karatu na Najeriya na ci, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024. Babu kuɗin ruwa, ana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, sannan naira 20,000 duk wata zuwa asusun ɗalibi. Biya kuwa sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi. Gaskiya ba don shi ba da na ajiye karatu a aji uku. Inda na sha wuya, makarantarmu (ba zan kama suna ba) ta yi jinkirin tura sunayenmu, ga ranar rufe rajista ta matso. Yayana ya ranto ya biya. Da kuɗin ya shigo, wata huɗu ina zarya ofis da rasit a hannu kafin a mayar min. Mahaifina ma da farko ƙin yarda ya yi, wai ba zai aurar da 'ya da bashi a ka ba, sai da ya tabbatar babu ruwa a ciki.

Abu Yasmin: Ƙanwata, ki gode wa Allah babu ruwa. A Ingila na shiga a 2012, shekarar da aka ɗaga kuɗin zuwa fam 9,000. Ban biya ko sisi a ƙofa ba, amma yanzu duk wata ana cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura wani mizani a albashina. Ina biya, bashin yana ƙaruwa saboda ruwa. Ta'aziyyata ɗaya, bayan shekara 30 za a yafe ragowar. Da a Sukotilan iyayena suka zauna, da kyauta na yi.

Malam Bala: Ɗana ya samu tallafin Excelsior na jihar New York, wanda aka fara a 2017, ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 a shekara ba. Kuɗin koyarwa kawai yake rufewa, ban da littattafai da masauki. Sharaɗinsa yaro ya kammala darussan shekara cur, wato credit 30 (ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci), sannan bayan ya gama ya zauna a jihar adadin shekarun da ya ci tallafin, in ba haka ba ya koma bashi. Yaron yana aikin dare don biyan haya, ya yar da darasi ɗaya don ya samu barci, lissafin bai cika ba. Takardar na nan a hannunmu tun farko, mu ne ba mu karanta ƙananan rubutun ba.

Maman Biyu: Allah Ya saka muku da alheri. Zainab 'yata, wannan rasit ɗin da kika ce, na banki ne ko na makaranta?

Zainab: Duka biyun, Mama. Ki sa su ɗauki hotonsa a waya tun ranar, don nawa na bankin kafin wata huɗu tawadar ta kusa gogewa.