"Baƙo raɓa, ɗan gari kaba": har yanzu raɓa muke?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Shekararmu 7 ke nan a Balin, a Jamus. Ran Lahadi muka kai yara filin Tempelhof, tsohon filin jirgin saman nan da aka rufe a 2008, aka buɗe wa jama'a shi wurin shaƙatawa a 2010. A kan titin da jirage ke tashi a da ƙaramata ta koyi keke. Babanta na riƙe da sirdin ta baya yana gudu, ya saki ba ta sani ba, ta yi nisa tana ihu da Jamusanci wai a kalle ta. Da muka dawo na ce masa ya kamata mu sayi kekuna mu ma, mu daina zaman kallo. Sai ya ce, "Ki bari, baƙo raɓa ne." Maganar ta tsaya min a rai. Shekara 7 fa. Anya karin maganar nan ta hau kanmu?

Baba Malam: Wa alaikumus salam, 'yata. Cikonta shi ne "ɗan gari kaba". Raɓa da dare take sauka, rana na ɗagawa ta bushe. Kaba kuwa saiwarta na can ƙasa, ko an yanke ta sai ta sake tohowa. Abin da magabata ke nufi, kada ka ɓata da ɗan gari saboda baƙo, don shi baƙon gobe zai ɗaure kayansa. Mai masauki ake ja wa kunne da ita. Ban san ta a matsayin dalilin da baƙo zai hana kansa walwala ba.

Abban Yara: Baba, a gafarce ni, ni na fahimci maigidan nata. Ni ma a Jamus nake. Duk wanda ke zuwa sabunta takardar zama ya san raɓa ce shi. Tunawa da hakan na hana mutum sakin jiki, ya tara abin da zai koma da shi, ya kuma kama bakinsa a harkar da ba tasa ba.

Maman Biyu: Yaya, ai ba takarda nake magana ba. Yara nake ji. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, Lahadi shaguna a rufe, gidan ɗakuna uku ne, ga maƙwabcin ƙasa ba ya son tsalle-tsalle. In ba mu fita da su ba, waya ce za ta raine su. Shekarunmu biyu na farko ko labule mai kyau ban saya ba, kullum "ai tafiya za mu yi". Babban yanzu yana aji uku, shi ke karanta min wasiƙar makaranta, shi ya san layin jirgin ƙasan da za mu hau. Wannan yaron raɓa ne?

Anti Hajiya: Nan ne gizo ke saƙar. Iyaye raɓa, 'ya'ya kaba, a gida ɗaya. Kuma doka ma ta san da haka: tun Yunin 2024 shekara 5 ake nema kafin neman zama ɗan ƙasa, maimakon 8, kuma ba sai ka ajiye fasfonka na asali ba. Ni dai da a wurin nake da na ce masa da ɗan gari akan ci gari, ga 'yan garin nan kun haifa.

Abban Yara: Anti, to ai abin da ke ba mu tsoro ke nan. Ran da yaro ya zama kaba a can, da wace igiya za ka ja shi gida? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Baba Malam: Tsoronka gaskiya ne, ɗana, amma wata magana ce daban ka kawo. Hana yaro filin wasa ba ya dasa masa harshen uwarsa a baki. Zama da shi ne ke yi, kuma a wajen fitar nan ake samun zaman. Sannan ku lura, raɓa ba abin raini ba ce. Tana jiƙa ganye kafin ta tafi. Ko a ce ku raɓar ce, wa ya ce ku bushe tun rana ba ta fito ba?

Abban Yara: Wannan kam ban taɓa kallonta haka ba, ko da yake har yanzu ina ganin maigidan bai yi kuskuren kawo ta ba. Zuciyarsa ya faɗa.

Maman Biyu: Na yarda zuciyarsa ya faɗa, shi ya sa ban ja da shi ba a gaban yara. Baba, zan karanta masa bayaninka da daddare in sun kwanta. Na riga na ga kekuna na hannu guda biyu ana sayarwa a unguwarmu, Asabar za mu je mu duba, in ya amince.