Wane suna za mu ba kifin nan gurami da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado, suna nake nema. Wata huɗu ke nan ina kiwon ƙaramin kifin nan da ake ce ma gurami a akwatin gilashi mai cin litir 60, nan zauren gidanmu a unguwar Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi, ƙanena ya taho mani da su daga Kano cikin leda. Duk wanda ya shigo sai ya ce mi ne sunan wanga, in ce gurami, a ce mi? Sunan daga can wajen Indunusiya ya fito, shi kuma irin nawa ɗan ƙarami mai zanen ja da shuɗi asalinsa Indiya da Bangaladash ne.

Abin da ya sa na matsu da sunan, asara na yi. Guda uku anka kawo mani, ashe biyu maza ne ɗaya mace, mai sayarwa bai ce komi ba. Kwana kaɗan babban ya kame kusurwa guda, yana hawa sama ya ɗauki iska ya tofo kumfa har ya tara ta kamar ta sabulu, faɗin tafin hannu, daga nan ba mai giftawa. Ɗayan namijin ya sha kora har wutsiyarsa ta yage, macen kuma ta laɓe bayan injin tace ruwa ta daina fitowa cin abinci, ran nan da asuba na tarar da ita kwance a ƙasa. Wallahi abin ya yi mani ciwo. Da sunan ya nuna mani wane ne namiji wace ce mace tun farko da ban haɗa su haka ba.

Kawu daga Madarumfa: Wa alaikumus salam ɗana. Tunda ka ce yana hawa sama shaƙar iska ai dangin halin gaiwa ne da tarwaɗa, ku ce mashi gaiwar gilashi mana.

Allah shi ƙara girma Kawu, iskar kam gaskiya ne, akwai wata gaɓa a kansa kusa da inda yake numfashi da ke ɗaukar iskar sama, shi ya sa ko wuta ta ɗauke injin ya tsaya ba ya saurin galabaita, shi ya sa kuma ba a cika mashi ruwa har baki. Sai dai wanda ya ji gaiwa zai zaci doguwa ce mai shiga laka, wanga ko da kyar yake wuce tsawon yatsa.

Wata Yaya daga unguwar Zariya: Ni mai zare nake ce ma nawa, don zaren nan biyu na ƙarƙashin ciki da yake taɓa abu da su kamar hannu.

Yaya wanga suna ya yi mani daɗi ƙwarai, amma zaren kowa na da shi, namiji da mace, ni kuma bambancin nake so ya fito. To ga tawa shawara: namiji ɗan kumfa, mace 'yar kumfa, in sun taru 'yan kumfa. Namijin ne ke gina gidan kumfar, shi ke kwashe ƙwai da baki ya kai ciki, shi ke gadi, har macen da ta yi ƙwan sai ya kore ta. Ganewa ba wuya in ka san abin dubawa, ɗan kumfa launinsa ya fito fes kuma fiffiken bayansa tsini ne a ƙarshe, 'yar kumfa toka-toka ce mai sheƙi fiffikenta a zagaye, shi ya sa masu shago sunka fi kawo maza don su ke jan ido. Da sunan nan sai mu riƙa faɗa wa sabon shiga a taƙaice, ɗan kumfa ɗaya 'yar kumfa biyu ko uku, kar a ƙara namiji a ƙaramin akwati. Haka na yi yanzu, na ba maƙwabcina mai yagaggiyar wutsiyar, na samo mata biyu, na wanke kainuwa sosai na zuba sama don su samu maɓoya, kora ta rabu gida biyu kowace na samun ta huta ta ci.

Malam, malamin kimiyya a lise (babbar sakandare): Sunan ya zauna a baki, amma a kula, ba duk gurami ke gina kumfa ba, akwai mai riƙe ƙwai a baki, akwai kuma babba da ake kiwo don ci a Indunusiya, yana wuce rabin mita. Kifin faɗan nan beta ma kumfa yake yi, danginsu guda.

Na gode Malam, ka gyara mani. To mu bar gurami ya zama sunan dangin duka, 'yan kumfa kuma ƙananan da muke sawa a akwati, beta ya ci gaba da zama kifin faɗa yadda munka saba. Yaya in kin yarda zaren nan biyu mu ce masu hannun zare.

Yaya: Na yarda. Ka tambayar mani ƙanenka ko zai samo mani 'yar kumfa biyu in zai koma Kano, nawa shi kaɗai ne yana ta gini ba kowa.