Ɗana ya ƙwallafa rai a kan zama Janar: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Bauchi: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, ni kuma burina shi ne ya karanci likitanci, amma tun da ya fara zuwa wurin wani abokinsa a barikin Shadawanka ya kafe a kan sai makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna. Hujjarsa ita ce Janar mai tauraro huɗu ya fi kowane ma'aikaci albashi. Ina roƙon masana su fayyace mini yadda albashin nan yake, da kuma yadda ake kaiwa ga muƙamin, kafin in yanke hukunci.

Tsohon hafsa, daga Gombe: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Albashin soja yana kan tsari guda da ake kira CONAFSS, wanda hukumar tsara albashi ta ƙasa ke kula da shi, kuma yana cikin tsare-tsaren da aka yi wa ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari a 2024. Sai dai abin da yaron yake hangowa ba tsurar albashi ba ne. Gida, motoci, masu gadi da alawus iri-iri suna bin kujerar da mutum yake kai, fansho kuwa yana hannun hukumar fanshon soja, ba tsarin adashen gata na sauran ma'aikata ba. Lambobin da ake yaɗawa a Facebook kada ka ɗora hukunci a kansu.

Abin da ya kamata ka zaunar da shi ka nuna masa shi ne tsawon tsanin. Zai fito da anini ɗaya a kafaɗa bayan shekara 5, sannan ya bi ta Kyaftin, Manjo da Kanar, da jarrabawar ƙarin girma, da kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji, da Kwalejin Tsaro ta Abuja, kafin a fara maganar Birgediya. A bisa al'ada shugaban rundunar sojan ƙasa ma Laftanar Janar ne, tauraro huɗu na babban hafsan tsaro ne shi kaɗai. Kuma ranar da aka naɗa na ƙasa da kai shugaban runduna, ritaya ta same ka ko da ba ka cika shekara 35 ta aiki ba. Na ga haziƙai da dama sun tafi gida ta wannan hanya.

Malamin tarihi: Ranka ya daɗe, tarihi ma yana goyon bayan wannan magana. Ironsi da Buhari sun mulki ƙasar nan suna Manjo Janar. Gowon ya hau mulki a 1966 yana Laftanar Kanar, bai zama cikakken Janar ba sai 1971, Murtala kuma ya samu nasa a farkon 1976, makonni kaɗan kafin a kashe shi. Abacha ne na farko da ya kai wurin ba tare da tsallake muƙami ba. Fil Mashal kuwa, mai tauraro biyar, babu ɗan Najeriya da ya taɓa riƙe shi. A Amurka ma, tun bayan Omar Bradley a 1950 ba a sake ba kowa tauraro biyar ba.

Wata uwa, daga Azare: Yaya, ni ina ganin kada ka hana shi kai tsaye. Ka tambaye shi ko zai yarda a tura shi Borno ko Zamfara yana ƙaramin hafsa, domin can ne aikin yake farawa. Idan har ya karanci likitancin, akwai ƙofar gajeren kwas da ake ɗaukar masu digiri, sai ya sa kakin a matsayin likitan soja.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan bar shi ya cike fom ɗin NDA, amma da sharaɗin ya ci gaba da neman gurbin likitancin. Ranka ya daɗe tsohon hafsa, idan ka amince zan kawo maka shi Gombe ranar Asabar ya ji daga bakinka.