Auna aikin ƙungiyoyin agaji da alƙaluma

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan auna aikin ƙungiyoyin agaji shi ne, yawan mutanen da ƙungiya ta tara ba shi ne nasara ba. An kawo misalin cibiyar tamowa: a auna kaurin damtsen yaro ranar karɓa, in bai kai santimita 11.5 ba abin ya yi tsanani, a sake aunawa ranar sallama. Ƙa'idar Sphere, wato ma'aunin ingancin aikin agaji na duniya, tana son masu warkewa su haura kashi 75 cikin ɗari, masu daina zuwa kada su kai 15. Nan ake yin rufa-rufa, uwa ta ɓace da ɗanta a share sunansa shiru. Wasu sun ce a riƙa lura da lokaci, tunda bayan kaka yara kan murmure ko babu ƙungiya.