Koyoti na cinye min 'yan awaki a Teksas, wace bindiga da wane madubin dare zan saya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara cikin gaggawa, raina a ɓace yake wallahi. Ni mazaunin Hiyustan ne a jihar Teksas ta Amurka, da can tuƙin babbar mota nake yi, da ciwon baya ya matsa min sai na ajiye na koma aikin dare a wani sito, to a nan ne muka haɗa kuɗi ni da wani abokina muka kama fili a bayan gari can hanyar Hempstead muka zuba awaki da tumaki, niyyarmu mu riƙa fitar da ragunan layya da na suna ga mutanenmu, don kowa ya san wahalar da ake sha a nan idan babbar sallah ta matso. Daga baya abokin nawa ya samu aiki a wata jiha ya ce in biya shi kasonsa, na biya da kuɗin adashin uwargida, maganar da har yau ba ta mutu a gidana ba, ita dama tun farko shago take so mu buɗe. Toh duk wannan na jure. Yanzu awakin sun fara haihuwa sai ga koyoti, dilan nan na ƙasar nan, ya saka ni gaba. 'Yan awaki biyar na rasa. Na ƙarshen da safe na same shi bayan kwamin ruwa, ramukan haƙori a maƙogwaro, an farke cikin an cinye hanta da kayan ciki, uwar tana tsaye a kansa tana ta kuka hantsarta cike da nono. Da magariba ina jin kukansu daga bakin rafi. Na yanke shawara zan fara kwana a can in harbe su. Ina da kamar dala 2,500 da na ware. Wace bindiga ta dace, kuma madubin tamal ɗin nan mai nuna zafin jikin dabba a duhu shi zan saya ko jar fitila ta isa? Wanda ya sani dan Allah ya taimaka.

Sarkin Baka na Dalas:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace, wannan aikina ne duk sanyi. Ka manta da maganar fitila. Ja ce ko koriya ce, koyotin da aka taɓa haskawa sau ɗaya ya gama karatu, yana ganin haske zai juya. Raifal .223 za ka saya, harsashinta da araha kuma ba ta dukan kafaɗa, dabbar da ba ta cika wuce kilo 20 ba ba ta buƙatar abin da ya fi haka. Ka ɗora mata tamal, na kamfanin Pulsar ko AGM, na ƙasa-ƙasa kana samu daga wajen dala dubu da wani abu, masu kyau sosai suna haura dubu uku. Sai na'urar kira ta FOXPRO, da ƙafa uku da za ka ɗora bindigar a kai don a tsaye za ka yi harbi. Ka ajiye na'urar nesa da kai kamar taku 40 zuwa 50, ka kunna kukan zomo da aka kama, a hankali da farko, ka ba shi minti 20 zuwa 30, in ba abin da ya fito ka tashi ka canja wuri. Abin da ke kayar da sababbi shi ne iska. Koyoti ba ya zuwa kai tsaye, sai ya zagayo ta inda iska ke kai wari don ya shinshina kafin ya matso, in warinka ya riga harsashinka isa gare shi shikenan ka yi asarar dare. Kuma a Teksas in yana kai wa dabbobinka hari ko lasisin farauta ba a neman ka da shi. Ka saya kawai.

Maman Ilham:
Allah sarki, Allah ya mayar da alheri. Amma ni gaskiya uwargidanka nake tausaya wa. Haka maigidana ya yi, ya kwashe kuɗin da muka tara na zuwa gida ganin Hajiyarmu ya zuba a kaji, wai ƙwai zai riƙa kai wa shagunan halal, wata dabba ta shiga ta ƙarƙashin keji dare ɗaya ta yi musu ɓarna, da na yi magana aka ce ba na son cigabansa. Har yau ban je gida ba. Ku maza in kun ƙulla abu ba kwa jin kira. Dala 2,500 a kan bindiga bayan na adashi bai dawo ba?

Baban Khalifa:
Hajiya na gode, amma ba maganar gida na kawo ba, na faɗa ne don a san nauyin da ke kaina. Kuma wannan kuɗin na obataim ɗina ne ba nata ba. Alhaji Sarkin Baka, Allah ya ƙara girma, AGM ɗin wane samfuri?

Malam na Miniyapolis:
Kafin a kai ga samfuri, ɗan'uwa akwai abubuwan da ba ka faɗa ba kuma su ne kan gaba. Filin naka ne ko haya? Eka nawa ne? Akwai gidaje kusa? Sannan, ka yi haƙuri da tambayar, girin kad, wato katin zama na dindindin, gare ka ko biza? Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar da ba ta zama ba ya riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma babbar hanyar ita ce yana da lasisin farauta mai aiki. Ka ga kenan maganar Alhaji ta cewa ba a buƙatar lasisi gaskiya ce a dokar jiha, amma ga mai biza wannan lasisin shi ne abin da ke tsakaninsa da babban laifi. Kuma a Teksas duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa sama ana neman sa da kwas ɗin koyon farauta. Kada ka taka shagon bindiga sai ka zauna da lauyanka na shige da fice.

Sarkin Baka na Dalas:
Malam kullum kai da tsoratar da mutane. Nan Teksas ce ba Minesota ba. Mutum dabbobinsa na mutuwa kana kawo masa lauya.

Baban Khalifa:
Filin haya ne, eka 8, mai shi wata dattijuwa ce kuma muna mutunci sosai, ban ga abin da zai sa ta hana ba. Akwai gidaje biyu ta gabas amma ba manne suke da ni ba. Maganar takardu kuma suna kan hanya, an riga an shigar, ba matsala in sha Allah.

Malam na Miniyapolis:
"Suna kan hanya" ita ce ainihin inda ake buƙatar lauya, wallahi ba don in ɓata maka rai ba. Eka 8 kuma, dokar Teksas ta ba ƙananan hukumomi ikon hana harbi a filayen da ba su wuce eka 10 ba in suna cikin yankin da aka yanka fuloti, sai ka kira ofishin sherif ka ji matsayin naka. Harsashin .223 in ya kuce yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu, kai kuma ga gidaje ta gabas. Izinin dattijuwar ma a rubuce za ka karɓa.

Ɗan Maradi:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba. Ni shekaruna da yawa ina aiki a gonar tumaki a Fensilbaniya, bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Farko ka tabbatar koyoti ne. Yadda ka kwatanta, cizo a maƙogwaro da cin kayan ciki, ya yi kama da shi, don kare yawanci ta baya yake yayyaga dabba ya bar ta bai ci ba. Amma ka ɗaura kyamarar daji a bakin shinge, ba ta da tsada, za ta nuna maka ta ina yake shiga da ƙarfe nawa. Na biyu, lokacin nan ne suke da 'ya'ya a rami, suna barbara daga Janairu zuwa Maris su haihu Afrilu zuwa Mayu, uwa da uba ne ke ɗibar 'yan awaki suna kai wa yara. In ka kunna na'ura wanda zai fara zuwa sau da yawa saurayi ne mai yawo, ka harbe shi ka yi murna, masu ɓarnar suna nan. Ko su ka kashe wasu za su gaje wurin. Mu abin da ya tsayar mana da asara shi ne kulle masu jego da 'ya'yansu a garke kusa da rumfa tun kafin magariba, da wayar lantarki ɗaya ƙasa-ƙasa a wajen shinge kamar tafin hannu daga ƙasa don ta ƙarƙashi suke tonawa, da kwashe mushe da mahaifa nan take. Sai jaka mace guda ɗaya a cikin garken. Guda ɗaya fa, in ka saka biyu sai su yi abota su manta da awakin. Duk wannan ba zai ci rabin kuɗinka ba.

Sarkin Baka na Dalas:
Jaki! Na san wanda jakinsa ya tattake masa 'yan tumaki sababbin haihuwa. Ɗan Maradi ka bar yaron nan ya yi abin da zai yi. Wanda ya ɗanɗana naman akuya ba waya ce za ta hana shi ba, sai dalma.

Ɗan Maradi:
Wannan jaki namiji ne da ba a dandaƙe ba Alhaji, shi ya sa na ce mace. Kuma a raba ta da masu haihuwa kwanakin farko har ta saba da su.

Hajiya Babba:
Ni kare zan ce. Manyan karnukan gadin nan, Great Pyrenees ko Anatoliyan, da su makiyayan San Anjelo suke riƙe garkensu, jami'ar Texas A&M ma tana da shiri a kansu a can. Kuma kada wani ya zo min da maganar haramun, an yi rangwame a kan karen kiwo da na noma da na farauta. Ni abin da ya ƙona min rai, da muka ajiye namu wasu daga cikin mutanenmu suka daina zuwa gidana, har aka kai ni gaba wai na zama Baturiya, alhali karen ko ƙofar falo bai taɓa takawa ba. Waɗannan ɗin dai su ne ke kirana da sallah a rage musu kuɗin rago. Sai dai ka sani ɗan kwikwiyo ba ya aiki sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, babba wanda ya horu za ka nema.

Baban Khalifa:
Na gode duka. Kare kam uwargida ba za ta yarda ba ko a gona ne, yara suna zuwa wurin. Kullewa da magariba kuma ba zan iya kullum ba, ƙarfe 6 nake kama hanyar aiki, gonar da nisa. Shingen ma ba nawa ba ne da zan ta kashe masa kuɗi in tashi in bar wa mai fili. Bindiga kuwa tawa ce ko ina na koma.

Maman Ilham:
To in dare kake aiki yaushe za ka kwana a gonar kana jiran koyoti?

Baban Khalifa:
Ina da hutun Asabar da Lahadi.

Ɗan Maradi:
Shi kuma ba shi da hutu ɗan'uwa, sauran darare biyar fa? Ka kira ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarku ka tambayi hukumar gwamnati ta Wildlife Services, aikinsu kenan taimakon masu dabbobi a kan irin wannan. Ko ka samu maharbi na yankin mai lasisi, da yawa suna neman inda za a ba su izini. Wani abu kuma game da tamal da ba a faɗa maka ba, farin abu kawai za ka gani yana motsi, a madubi mai araha daga nesa karen maƙwabci da koyoti da ɗan maraƙi ba su da wani bambanci a idon sabon hannu. Ka harbe karen Bature a ƙasar nan ka ga tashin hankali.

Sarkin Baka na Dalas:
Ana ganewa mana. Koyoti wutsiyarsa a ƙasa take in yana tafiya, yana sassarfa yana tsayawa yana waige, kare kuwa wutsiya sama yana shirme. Sati biyu ka saba. In ma gidajen ne damuwa ya ɗauki pam-akshan, bindigar nan mai watsa dalma, da harsashin bakshot mai manyan ƙwayoyi ya jawo shi kusa kamar taku 40. Ƙanena turo min saƙo ta gefe, akwai wanda zai sayar da AGM ɗinsa na hannu, bai daɗe da saye ba, zan sa ya rage maka.

Malam na Miniyapolis:
Madubi dai ka saya in kana so, amma bindiga kada ka karɓa a hannun kowa, ko aro, sai lauya ya duba takardunka. Na faɗa na fita.

Baban Khalifa:
Na ji Malam. Alhaji na turo maka. Yanzu yaron da ke ba su ruwa ya kira ni wai ɗaya daga cikin tagwayen jar akuyar ba a gan shi ba tun safe, na kama hanya. Wanda ya san inda ake samun jaka mace a kusa da Waller ya ajiye min lamba, in ta yi araha zan duba, amma madubin dai zan fara gani.