Kayana sun tsaya a Legas, an ce sai na biya kuɗin fito: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi odar takalma da jakunkunan yara daga Turkiyya, kaya sun iso Legas sun yi zaune. Jiya kamfanin da ya ɗauko su ya kira ni, wai sai na biya "kuɗin kwastam" da ya kusa rabin kuɗin kayan. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini yadda ya ƙare da su.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki tura ko sisi, ki ce su aiko miki da lissafin a rubuce, kowane kuɗi da sunansa. Ni an taɓa yanka mini irin wannan a kan kwalin caja da murafen waya. Da takarda ta zo, sai ga shi abin da zai shiga aljihun gwamnati bai kai rabi ba. Sauran duk na kamfanin ne: ladan fito da kaya, kuɗin takardu, kuɗin ajiya a sito. Amma a waya duk kwastam suke kiransa, don sun san ba mai musu da mai kaki. Kuɗin ajiyar nan kuwa kullum ƙaruwa yake, kada ki bari abin ya kwana da yawa.

Malam na Zariya: Gaskiyarsa. Bari in ƙara da yadda ake lissafin, don na sha biya a kan kayan ɗakin gwaji. Ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake ɗora harajin ba, sai an haɗa da kuɗin jigila da inshora. Nan ne mutane ke shan mamaki. Kayan dala 400 da aka yi dakonsu a dala 100, a kan 500 za a yi miki lissafi. Matakan harajin ECOWAS biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35, kuma kayan sawa da aka gama ɗinkawa ba sa cikin masu sauƙi. Bayan nan VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar gaba ɗaya, har da harajin da aka riga aka ɗora. Sai kuma canji. Farkon 2023 dalar da ake lissafin fito da ita ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda rabonsa da oda tun kafin a saki naira, in ya ga takardar yau sai ya rantse cutarsa aka yi.

Anti Mai Turare: Maman Walida, nawa ne kuɗin kayan naki a dala? Tun 8 ga Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta yafe harajin fito a kan kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara ga mutum guda, in dai ba haramtattu ba ne. Ni da na ambata wa wani kamfani wannan, nan take lissafi ya sauka. Ladan aikinsu dai sai da na biya.

Maman Walida: Anti, sun ɗan haura 300 kaɗan wallahi.

Anti Mai Turare: Ayya, to sai haƙuri ƙanwata. Ki dai nemi rasit. Ni abin da ya fi ba ni wahala ma ba kuɗi ba ne, man shafawa ne. Na saro da ɗan yawa, aka riƙe aka ce ina takardar NAFDAC, tunda ya wuce na amfanin mutum ɗaya. Ƙarshenta na haƙura da shi. Yanzu duk abin da ake ci, ake sha ko ake shafawa, a nan gida nake sara.

Mai Hoton Biki: Irin haka ta faru da abokin aikina da ya sayo ɗan jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto. Ashe sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mai sayarwa ba ruwansa, shi dai ya ga kuɗi ya tura.

Alhajin Kwari: Ku yara kuna wahalar da kanku. Mu tun tuni ejan muke ba kaya a Guangzhou, ya auna a kilo, kuɗin fito na ciki, ka je ofishinsa a Kano ka ɗauka. Illarsa ɗaya: kayanka a haɗe suke da na mutane. Wani ya cusa abin da bai dace ba, duk ku zauna jira tare, kamar fasinjan motar da aka kama direbanta. Sannan ku riƙa duba kalanda. Sabuwar shekarar Chana da hutun makon farko na Oktoba ma'aikatu a rufe suke, bayan rangwamen shagunan intanet na 11 ga Nuwamba kuma kaya cunkushewa suke. Ba kowane jinkiri ne daga bakin iyaka ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar ku gode wa Allah. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan jirgin ruwa da ke biyowa ta Kwatano sun koma Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. Kafin su iso hannun 'yan duwan (kwastam ɗinmu) ma ka gaji da jira, ga TVA, wato VAT ɗinmu, kashi 19.

Ɗan Farm Centre: Wani abu kuma Hajiya, ki duba me mai shagon ya rubuta a jikin kwalin. Wani dillali ya taɓa rubuta mini ƙaramin farashi, wai taimakona yake. Da aka buɗe aka ga bai yi kama da kayan ba, sai aka sake yi musu kuɗi, aka nemi shaidar abin da na biya ta banki, aikin kwana biyu ya koma na makonni.

Malam na Zariya: In kuma aka turo miki lambar asusu mai sunan mutum aka ce nan za ki zuba harajin, ki tsaya. 'Yan damfara na tura irin wannan saƙo sosai.

Maman Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sun turo takardar yanzu, na ga kuɗin ajiya har wuri biyu da suna daban-daban. Malam, in na ɗora hotonta a nan za ka duba mini kafin in kira su?