Baba yana ramewa, kuma tafiya tana neman gagarar sa

Rabi'atu, Jidda: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar mana cewa Baba yana da cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda ba ta warkewa gaba ɗaya, sai dai a riƙa lallaɓa ta. Yana ta ramewa, ko rabin farantin kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, ba ya iya cinyewa, kuma kafin ya kai masallacin unguwa sai ya tsaya yana haki. Me za mu riƙa ba shi, kuma mu hana shi fita ne?

Malam Isiyaku, Makka: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, amma kada ku hana shi fita.

Hajiya Talatu, Madina: 'Yata Rabi, ki riƙe maganar Malam da kyau. Lokacin da ciwon nan ya kama yayan maigidana, dangi suka taru suka yanke cewa hutu ne maganinsa, aka shimfiɗa masa katifa a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ko butar alwala ba a bari ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo cinyoyinsa sun zube, ya koma yana haki daga shimfiɗa zuwa banɗaki. Da aka kai shi sashen gyaran numfashi na asibiti, sai aka bayyana mana cewa tsokar da ba ta aiki takan raunana, kuma raunanniyar tsoka ta fi buƙatar iska, saboda haka kwanciyar ce take ƙara masa hakin. Sun sa shi atisaye sau biyu a mako na wajen makonni takwas, suka koya masa ya shaƙi iska ta hanci, sannan ya fitar da ita a hankali ta tsukakken baki. Batun abinci kuma, cikakken ciki yana danne huhu daga ƙasa, ga shi numfashin kansa yana cin ƙarfin mai wannan ciwo fiye da na mai lafiya. Ku raba masa abincin gida biyar ko shida, ku yawaita ƙwai da kifi da kaza da laban, wato nono, ku zuba man zaitun ko tunkuzar gyaɗa a kununsa, kuma ya sha ruwa bayan ya gama ci, ba a tsakiyar ci ba.

Alhaji Ɗanlami, Jidda: Hajiya, ni a sanina madara tana ƙara majina, kuma ful da adas, wato dangogin wake, suna kumbura ciki.

Dakta Hadiza, Riyad: Alhaji, madara ba ta ƙara majina, yawu kawai take sa wa ya yi kauri na ɗan lokaci, kuma mai shan prednisolone, maganin rage kumburi da akan ba masu wannan ciwo, yana buƙatarta saboda maganin yakan raunana ƙashi. Ful kuwa, idan yana kumbura shi a rage masa. Rabi'atu, ku samu na'urar awon iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Ga yawancin masu wannan ciwo ana son ta nuna kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari, amma likitansa ne zai faɗi nasa ma'aunin.

Malam Isiyaku: Ya riƙa yin tafiyarsa bayan asuba a bakin tekun Jidda, ranar ƙura ko tsananin zafi kuma ya zagaya cikin babban kanti mai sanyi.

Alhaji Ɗanlami: Duk wannan ba zai yi amfani ba muddin mata suna turnuƙe gida da turaren wuta safe da yamma.

Hajiya Talatu: Gaskiya ne, Alhaji, amma sai ku maza ku fara kashe shishar da kuke kunnawa a majalisa.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai, iyayena. Yanzu kuma ya dage sai ya yi umara cikin Ramadan, alhali sa'ayi kaɗai ya kusa kilomita uku.

Malam Isiyaku: Ku kama masa keken guragu a Harami, maganar azumi kuma ku fara tuntuɓar likitansa.